Gyara kan labarin Ozzy Osbourne: ku saurari faifan farko tukuna

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta ɗan labarin da kuka buga lokacin da mawaƙin nan na Ingila, Ozzy Osbourne, ya mutu ranar 22 ga Yuli, 2025, yana da shekara 76. A layi huɗu kuka sallame shi. Kuka ce shi ne ya ƙirƙiro kiɗan heavy metal, wato kiɗan nan mai nauyin amon jitar lantarki da ganguna, kuka kuma kira kiɗan hayaniyar masu bautar shaiɗan. Na so in yi shiru, don ba ɗan'uwana ba ne, kuma rayuwar da ya yi ta giya da ƙwaya ba abin da zan tsaya karewa ba ne. Amma sana'ata naɗar sauti, a gaban na'ura nake cin abinci, kuma faifan farko na ƙungiyarsu ta Black Sabbath yana cikin abubuwan da nake kunna wa yaran shagona idan ina so su san mene ne aiki.

Su huɗu ne, duka 'yan unguwar Aston a birnin Birmingham, unguwar leburori da hayaƙin masana'antu: Ozzy a bakin makirfo, Tony Iommi a jita, Geezer Butler a babbar jita mai kaurin murya, Bill Ward a ganguna. Ozzy ya taɓa aiki a mayanka. Idan kuwa ana neman mutum ɗaya da za a jingina wa sautin nan, to Iommi ne, kuma labarin hannunsa ya isa a tsaya a kai.

Yana da shekara 17 yana aiki a masana'antar sarrafa fallen ƙarfe. A ranarsa ta ƙarshe a wurin, don ya riga ya shirya barin aikin ya kama kiɗa, injin ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, na tsakiya da na kusa da ƙaramin. Shi kuwa bahago ne, da hannun daman yake danne tsirkiya. Duk wanda ya taɓa riƙe gurmi ko garaya ya san me wannan yake nufi. Manajan masana'antar ne ya kawo masa faifan Django Reinhardt, wani gwanin jita da gobara ta lalata wa yatsu biyu amma bai daina kiɗa ba. Sai yaron ya narka robar kwalbar sabulun wanke kwanuka, ya ƙera wa yatsun 'yan huluna, ya liƙa musu fatar tsohuwar riga don kada su zame. Tsirkiya mai kauri tana yi masa ciwo, sai ya koma sirara, har da na banjo, wani abin kiɗa mai kama da gurmi. Tun da ba ya jin tsirkiyar a fatarsa, dole ya riƙa dannawa da ƙarfi, ya sake salon kiɗansa gaba ɗaya. Nauyin da kuke ji kuna cewa hayaniya, wani ɓangarensa daga bakin injin nan ya fito.

Da farko sunansu Earth, suna kiɗan blues a mashaya da kulob, har Hamburg ta Jamus, inda suke hawa dandali sau da yawa a dare guda. Sunan Black Sabbath daga wani fim ɗin ban tsoro na 1963 suka aro shi, bayan sun lura mutane suna biyan kuɗi a silima don a tsorata su. Suka ce to me zai hana a yi kiɗan da zai yi wannan aikin? Dabarar neman abinci ce ta samarin da ba su da ko sisi.

Ranar 16 ga Oktoba, 1969 suka shiga ɗakin naɗar sauti na Regent Sound a Landan, Rodger Bain yana kula da aikin. Cikin kimanin awa 12 suka gama. Tare suka buga komai kamar suna gaban jama'a, Ozzy yana cikin wani ɗan akurki a gefe yana waƙa a lokaci guda. Ana cikin aiki jitar Iommi ƙirar Fender ta samu matsala, ya ɗauki ta ko-ta-kwana, Gibson SG, kuma ita ce ta zama tambarinsa har tsufa. Washegari suka kama hanyar Suwizalan don wani wasa na kuɗi kaɗan, aka tace sautin ba sa nan. Abin da aka ƙara daga baya bai taka kara ya karya ba: ƙarar ruwan sama da tsawa da ƙararrawar coci a buɗewar faifan, sai ninka jita a wurare biyu.

Kwanaki na kunna wa wani yaro da yake koyon aiki a wurina. Ya sa abin ji a kunne, ruwan saman ya fara zuba, ƙararrawa ta buga, sai jitar ta faɗo da amo uku kacal, a hankali, kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Ya cire abin daga kunne ya ce, "Oga, sau nawa suka maimaita kafin ya zauna haka?" Na ce yawanci sau ɗaya. Ya yi dariya, ya ɗauka zolaya nake. Yaron da ya saba mu kwana uku muna gyara muryar mutum ɗaya a kwamfuta, gaɓa bayan gaɓa, ina zai yarda? Tazarar da ke tsakanin amon nan ita ce masana kiɗan Turai suka daɗe da yi wa laƙabi da shaiɗan a cikin kiɗa, saboda ba ta kwanta a kunne. Laƙabi ne na makaɗa, ya girmi su Ozzy da ɗaruruwan shekaru.

Batun bautar shaiɗan kuwa, ba zan ce babu dalilin zargi ba. Akwai waƙa ɗaya a faifan da aka rera da bakin Iblis, kuma ni kaina tsallake ta nake yi. Amma waƙar farko, wadda ta fi tayar da ƙura, labarin mutum ne da ya ga wani baƙin abu tsaye a gabansa, tsoro ya kama shi, yana ihu yana roƙon Allah ya cece shi. Butler a gidan 'yan Katolika ya tashi. Gicciyen da aka kifa a cikin bangon faifan, kamfanin faifai na Vertigo ne ya sa ba tare da shawararsu ba. Kamfanin ne kuma ya fitar da shi ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1970, ranar da Turawa suke camfawa. Hoton bangon, mace cikin baƙaƙen kaya a gaban tsohon gidan niƙa na Mapledurham a bakin kogin Thames, shi ma aikin mai ɗaukar hoton kamfani ne. 'Yan kasuwa sun san abin da yake sayuwa, kuma bayan shekara 55 tallarsu ce har yanzu take aiki a shafinku.

Masu sharhin lokacin ma ba su raga musu ba. Lester Bangs na mujallar Rolling Stone ya ce kwaikwayon ƙungiyar Cream ne kawai, kuma bai kai na Cream ɗin ba. Gidajen rediyo ba su cika sa shi ba. Duk da haka faifan ya hau mataki na 8 a jerin waɗanda aka fi saye a Birtaniya, da kamfanin Warner Bros. ya fitar da shi a Amurka a watan Yuni ya kai na 23, ya kuma yi fiye da shekara bai fita daga jerin ba. Samari ne irinsu suka saya, waɗanda waƙoƙin furanni da soyayya na zamanin ba su yi kama da unguwarsu ba. Wata bakwai bayan fitowar faifan farkon suka fitar da na biyu, Paranoid, ya kuma zama na 1 a Birtaniya. Mujallar da ta yi musu ba'a, ita da kanta ta dawo ta sa faifan farkon cikin jerin manyan faifan tarihi, ba ta ko ji kunya ba.

Ba cewa nake ku so kiɗan ba. Matata ma da ta ji shi take rufe ƙofar ɗaki. Roƙona dai ku gyara maganar cewa mutum ɗaya ne ya ƙirƙiro shi, ku ambaci sauran ukun, musamman mai guntayen yatsu. Ku kuma ƙara abin da kuka bari: ranar 5 ga Yuli, 2025, su huɗun nan suka sake haɗuwa a filin ƙwallon Villa Park, cikin Aston ɗin da suka taso. Ozzy a zaune ya yi waƙa saboda cutar Parkinson ta hana shi tsayuwa, Iommi kuma da hulunan yatsunsa. Kwana 17 bayan nan Ozzy ya mutu.

Na gode da ba ni fili. A gaida ma'aikata.

Naku,
Wani mai naɗar sauti, daga Kano