Ramukan Kuzar Jos Na Jiran Masu Awo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani aiki da ba a cika ambatonsa ba idan ana zancen sama wa matasa abin yi, wato kwashe sharar nukiliya da tsabtace wuraren da ta gurɓata.

A jihar Washington ta Amurka akwai wani wuri mai suna Hanford, inda aka sarrafa sinadarin fulutoniyom na bam ɗin da aka jefa wa Nagasaki a 1945. Tun 1989 gwamnatinsu take aikin tsabtace wurin, kuma har yau da sauran rina a kaba, domin akwai tankuna 177 binne a ƙasa ɗauke da shara kimanin galan miliyan 56, wasunsu sun yi yoyo, ga kuma kogin Kolombiya a gefe. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ba farfesoshi kaɗai ke cin abinci a wurin ba. Akwai masu walda da masu haɗa bututu da direbobin manyan injuna da masu gwajin ruwa da ƙasa, sannan akwai masu awon tururin nukiliya, wato wani irin haske da ido ba ya gani mai cutar da jiki idan ya yi yawa, waɗanda sai sun auna wuri kafin kowa ya taka shi. Mai aiki a irin wannan wuri yakan maƙala wata 'yar na'ura a ƙirji, wadda ke lissafa yawan tururin da ya taɓa jikinsa.

Na san wani zai ce ina ruwanmu, tunda ba mu da tashar lantarki ta nukiliya, sai ƙaramin injin bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 2004. Mai wannan magana bai zagaya Bukuru da Barkin Ladi ba. Fiye da shekara ɗari ana haƙar kuza a Filato, kuma yashin da ake zubarwa bayan an tace kuza yana ɗauke da ma'adinin monazait, wanda a cikinsa akwai toriyom, sinadarin da sai ya shekara kusan biliyan 14 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Tururin da yake fitarwa ba shi da wari, ba shi da launi. Da idona na sha ganin an loda wannan yashi a tifa an kai wurin gini, saboda araha da laushinsa wajen filasta, yara kuma suna ta sulu a kan tulinsa da yamma. Lokacin da nake koyarwa, wani baƙo ya taɓa zuwa mana da na'urar awo. A ofishin malamai jefi-jefi take ƙyas, amma da muka matsa kusa da wani tulin yashi a bayan gari sai ta ɓarke da ƙara kamar ana suyar gyaɗa, har ɗaliban suka ja da baya ba tare da an ce musu komai ba.

Muna da Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2001, sai dai hukumar da ke Abuja tana buƙatar ƙafafu a Filato, masu bin tuli-tuli da gida-gida suna aunawa suna rubutawa, a san inda za a killace da inda za a kwashe a binne. Mun ga abin da jinkiri ya jawo a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400, kuma a ƙarshe sai da aka bi gidaje ana kankare ƙasar tsakar gida ana zuba sabuwa.

Saboda haka nake kira ga gwamnatin tarayya da ta jihar Filato su buɗe kwas na awon tururi da gwajin ƙasa a kwalejojin fasaha, su kuma ba da aiki na dindindin mai fansho ga waɗanda suka kammala, domin kwangilar wata shida ba ta isa ta riƙe mutumin da aka kashe kuɗi aka horar. Ɗan ƙanena yana da babbar difloma a fannin gwaje-gwajen kimiyya, amma shekara uku ke nan yana tuƙa Keke Napep tsakanin Terminus da Bukuru, kullum yana wuce ramukan kuza.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin kimiyya,
Bukuru, Jos.