Koyil ɗin risho ba kowace waya ba ce

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya jama'a. Dan Allah a ɗan ba ni fili. Ni mai gyaran kayan wuta ne, dutsen guga, hita, rishon lantarki, har injin liƙe leda na masu zoɓo da kunun aya, na daɗe a sana'ar nan.

Satin da ya wuce wata baiwar Allah ta kawo min rishonta, filogin ya narke ya yi baƙi ƙirin, ta ce tana cikin dafa wake ta ji ƙaurin roba, ga yara biyu a ɗakin. Da na duba koyil ɗin, naɗaɗɗiyar wayar nan da ke yin zafi a cikin rishon, sai na ga ƙulli uku, wato duk sanda ya tsinke sai a yanke wurin a murɗa baki biyu a haɗa a karɓi kuɗi. Wallahi raina ya ɓaci, don ɗan'uwana mai gyara ne ya yi wannan aikin.

Wayar nan da take yin jajir ana ce mata nikurom, haɗin nikel kashi 80 ne da kuromiyom kashi 20, wani Ba'amurke Albert Marsh ya yi mata rajista a 1906. Aikinta ta riƙe wuta ta hana ta wucewa da sauƙi, wannan turjiyar ce ke zama zafi, kuma sai wajen digiri 1400 take narkewa, in ta yi zafi wata 'yar fata takan fito a jikinta ta kare ta daga cinyewa. To tsawon nan da ka gani lissafi ne. Rishon wat 1000 a wutarmu ta bolt 230 yana son om kusan 53 (om shi ne ma'aunin turjiyar waya), in ka datse kashi ɗaya cikin huɗu na wayar ya dawo wajen 40 kenan, zai ja wat 1300 da ɗoriya a guntuwar waya, mai abu ta yi ta murna wai yanzu yana saurin dahuwa, alhali filogi da wayar bango ne ke shan wahala. Shi kuma ƙullin ba ya kamawa da kyau, nan ne yake fara tartsatsi.

Sai kuma koyil na jabu da ya cika kasuwa, ƙarfe ne kusan zalla, sati biyu ya yi tsatsa ya karye kamar taliya. Ni ina yawo da ɗan maganaɗisu a aljihu, nikurom mai 80 da 20 ba ya kama shi. Amma a kula, akwai wata mai kyau, Kanthal, da aka fara yi a ƙasar Suwidin, haɗin ƙarfe da kuromiyom da alminiyom, ita tana kamawa, saboda haka gwajin bai gama magana ba.

Roƙona ga hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, a sa masu shigo da koyil su riƙa rubuta irin haɗin da adadin wat a jikin kwalin. 'Yan'uwana masu gyara kuma, in ya tsinke a canja shi gaba ɗaya, a gaya wa mai kaya gaskiyar kuɗin ko da zai yi tsaki ya tafi.

Naku,
Mai gyaran kayan wuta, daga Kano