Wasiƙa ga ɗana kan raba aiki a noman rani

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na ji 'yan ƙungiyarku ta manoman shinkafa a fadamar Argungu sun ɗora maka shugabancin noman rani na bana. Allah Ya taya ka riƙo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, dole ka raba aiki, kuma a wajen rabon ne shugabanni da dama ke faɗuwa.

Kada ka jefa aiki cikin taro. In ka ce "ku kula da ban ruwa", kowa zai zaci ɗan'uwansa ya tayar da inji, har ƙasa ta tsage. Kira mutum ɗaya da sunansa, ka nuna masa ɓangaren da ke hannunsa, da ranakun ba da ruwa, da wanda zai riƙe masa in uzuri ya taso.

Sannan ka haɗa masa aikin da ikonsa. Wannan ya fi damuna. Wanda ka ba inji amma ba zai sayi fetur, ko baƙin mai, ko fulogi ba sai ya nemo ka a waya, ba ka ba shi komai ba. Ranar da ka tafi Birnin Kebbi inji zai tsaya, ga shi ƙishirwa ta fi yi wa shinkafa illa lokacin da ta ɗauki ciki. Yanke masa iyakar kuɗin da zai kashe ba tare da tambaya ba, ya kawo rasit ƙarshen mako.

Faɗi abin da kake so filla-filla. "A yi dashe" ba bayani ba ne. Ce masa irin shinkafa na Faro 44 kada ya wuce kwana 21 a wurin reno kafin a cire shi, tazara santimita 20, ƙwaya biyu ko uku a kowane gurbi. Haka takin yuriya: in ba ka ce a raba shi kashi biyu ba, wani zai zuba duka rana ɗaya, ruwa ya tafi da mafi yawansa.

Mai sayo taki kada ya riƙe makullin sito, ko da ɗan ɗakinku ne. Wannan kariya ce gare shi daga zargi.

Bayan ka ba mutum aiki, kada ka tsallake shi kana ba leburorinsa umarni. Daga ranar sun daina jin maganarsa. Ka sa lokutan dubawa tun farko: ranar dashe, kowane zubin taki, da sanda hatsi ya fara nono, lokacin da tsuntsayen jan-baki ke sauka safe da yamma. In ya kuskure, gyara masa a keɓe, ka bar aikin a hannunsa.

Lissafin bashi da bayani gaban 'yan ƙungiya kuwa naka ne, ba a aike a kansu.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Mahaifinka