Yaron da ke koyon dabarun masu kutse ba lallai ɗan Yahoo ba ne

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Don Allah a ɗan sam min fili in faɗi wata magana da ta kusa haɗa ni faɗa da yayana satin da ya wuce.

Ina da ɗan shago a wani ƙauye kusa da Ringim, buga takardu da fotokwafi da cike fom ɗin makaranta, sai POS a gefe. Ɗan yayana da ke taya ni aiki ya sa wata manhajar gwada tsaron na'urori wai ita Kali Linux a tsohuwar laftof ɗinsa, wani ya leƙo ya ga baƙin allo rubutu na ta gudu, kafin la'asar magana ta kai majalisa wai yaron Alhaji ya zama ɗan Yahoo. Yaya ya zo da kansa rai a ɓace, ya ce ni na ɗaure wa yaron gindi kuma in EFCC suka zo ba ruwansa, shi dai yau sai ya fasa laftof ɗin nan. Na ce Yaya ka yi haƙuri ka zauna mu ga abin da yake yi tukunna.

Yaron ya nemi izinina ya gwada a kan rautar shagona, wato na'urar da ke raba wayifai. Ya kunna wata Nmap, ita aikinta kamar na mai gadin kasuwa ne da ke bin rumfa rumfa da dare yana jijjiga kwaɗo ya ji wanne ne ba a datse ba. Ko minti biyar ba a yi ba ya ɗago kai ya ce "Baffa, shafin saitin rautarka a buɗe yake, kuma suna admin, lambar sirri ma admin." Wallahi shekara biyu ina amfani da abin nan yadda na sayo shi, ashe duk wanda na ba wa fasawod ɗin wayifai zai iya shiga ya juya min saiti yadda ya ga dama. Bai tsaya nan ba ya nuna min babbar kwamfutata Windows 7 ce a kai, wadda Microsoft ta daina yi wa gyara tun Janairun 2020, kuma a cikinta nake tara hotunan NIN da sakamakon jarrabawar 'ya'yan mutane. Kunya ta kama ni a gaban Yaya.

To ni dai ra'ayina, wanda bai san ta inda gafiya ke shiga rumbu ba ba zai iya toshewa ba, sai dai ya yi ta yaɓa laka inda ba rami. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila sai da suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali tun watan Maris Microsoft ta fitar da gyaran wannan ɓarakar mutane ne ba su sa ba, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wa ya taka mata birki? Wani saurayi ɗan Ingila mai shekara 22, Marcus Hutchins, da ya zauna ya binciki cikinta ya ga tana neman wani adireshin intanet da ba mai shi, ya yi rajistarsa da kuɗin da bai kai dala 11 ba, yaɗuwar ta tsaya. Ma'aikatar tsaron Amurka ma da kanta a 2016 ta gayyaci masu kutse su zo su gwada shafukanta, suka tono mata ɓaraka 138 ta biya su lada.

Amma fa tsoron Yaya ba na banza ba ne, shi wannan Hutchins ɗin bayan wata uku aka kama shi a Amurka kan wata manhajar satar bayanan banki da ya taɓa haɗawa a baya, ya kuma amsa laifi. Kayan aikin ɗaya ne, izini ne ya raba mai gadi da ɓarawo. Dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024 ta tanadi ɗauri da tara ga wanda ya shiga na'urar wani ba da yardarsa ba. Kuma sauke manhaja a danna maɓalli ba shi ne ilimi ba, akwai yara da yawa da suka iya dannawa amma tambaye su me ya sa ƙofar ta buɗe sai su yi zuru.

Sannan mu nan karkara yawancin satar ma ba da Kali ake yi ba, da baki ake yi. A kira tsohuwa a ce daga banki ne za a rufe mata asusu ta karanto lambar da ta shigo wayarta yanzu, shi kenan kuɗin gyaɗarta sun tafi. Wannan ma dabara ce ta masu kutse, kuma tunda na fara bayyana wa masu zuwa POS yadda ake shirya ta, mutum biyu sun dawo sun ce an kira su sun kashe wayar. Ina roƙon hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, tunda shugabanta Kashifu Inuwa ɗan Haɗejia ne ya san halin da muke ciki, a kawo irin wannan horon ƙananan hukumomi da Hausa, a haɗa da bayanin doka.

Yaya dai bai fasa laftof ɗin ba. Sharaɗin da ya kafa shi ne kada yaron ya taɓa na'urar kowa sai mai ita ya yarda a gaban shaida, sannan ya miƙa masa wayarsa ya ce duba min tawa ma, ashe lambar sirrinsa 1234 ce.

Naku,
Mai shagon kwamfuta, daga yankin Ringim, Jihar Jigawa