Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Kano: Matan Da Aka Mayar Gida "Jinya"

Assalamu alaikum, Mai Girma Gwamna. Allah ya taya riƙo.

Ranka ya daɗe, a watan Oktoba na 2023 gwamnatinka ta aurar da mata 1,800 a auren gata, da gado da katifa da jari. A 2024 kuma ka sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure. Madalla, ƙofar shiga aure kam ta samu mai gadi. Tambayata ita ce: wa ke duba matar da ke cikin auren, hankalinta ya taɓu, aka kwaso ta aka sauke a zauren ubanta?

Ka san yadda ake yi. Ciwon ya taso, sau da yawa bayan haihuwa, miji ya ce "a kai ta gida a yi mata magani, in ta samu sauƙi ta dawo." Satin farko ya zo da lemo da ayaba. Wata na biyu ya aiko yaro da dubu biyu. Daga nan waya ta daina shiga. Bai sake ta ba, don kada a ce ya saki marar lafiya, bai kuma ciyar da ita ba. Kafin shekara ta zagayo an yi wa ɗakinta fenti, amarya ta tare.

Ƙanwata ce ke cikin wannan hali. Mahaifiyarmu, tsohuwa mai ciwon ƙafa, ita ke goya jaririn, ita ke ɓoye wuƙa da ashana kafin a kwanta, ita ke ƙirga ƙwayoyin magani ta raba ɗaya biyu don su kai ƙarshen wata. Da muka tuntuɓi mijin, sai ya zama malami nan take: wai matar da ba ta ɗakinsa ba ta da haƙƙin ciyarwa, magani kuma ba wajibinsa ba ne.

Ta farkon ƙarya ce. Abin da ke kayar da ciyarwa shi ne mace ta bijire wa mijinta da gangan. Wadda aka ɗauke wa alƙalami, kamar yadda hadisi ya faɗa a kan mai taɓin hankali, ta yaya za ta bijire? Shi ma ya kai ta da ƙafarsa. Muddin igiya na nan, ci da sha da sutura da muhalli suna wuyansa, gwargwadon ƙarfinsa, kamar yadda aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce. Ta biyun kuwa yana da wurin fakewa, domin Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya na Shehu Halil, bai sa magani cikin wajiban miji ba. To amma maganin da idan aka tsallake shi mako guda mace za ta fita titi ba mayafi, ni ban ga bambancinsa da abinci ba. Wannan giɓi aikin malamai da majalisa ne su cike shi.

Tun 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya taso da batun dokar iyali ta Musulunci, malamai suka zauna suka yi daftari. Ina yake? Ko ɓera ya ci? A Janairun 2023 Tarayya ta samu dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta jefar da tsohuwar ta 1958. Mu nan muna jiran me?

Don Allah, Ranka ya daɗe, a fito da daftarin nan, a rubuta ƙarara cewa jinya a gidan iyaye ba yaji ba ce, ciyarwa da kuɗin magani suna ci gaba. A bai wa waliyyi damar kai ƙara a madadinta, tunda ita ba za ta iya tsayawa gaban alƙali ba. Idan mijin ma'aikacinka ne, a cire daga albashinsa. Akwai kuma matan da mazansu ne suka kwanta, dangin miji suka riƙe shago da gona suka bar su da yara. Su ma a duba. Maganar tsadar magani a asibitin masu taɓin hankali na Dawanau kuwa, sai wani jiƙon.

Na gode.

Naka,
Wani ɗan jihar Kano