Zuwa ga Auta: Naɗin Kirfa na Karin Kumallo

Unguwar Rogo, Jos.

Assalamu alaikum Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan naki da yaran. Allah Ya sa haka, amin. Nan kowa lafiya, sai sanyi da ya fara sauka.

Na ji kukanki a kan karin kumallo, cewa kafin ki shirya yara ki kama hanyar Kubwa zuwa cikin gari tun motoci ba su cunkushe ba, ba abin da ke shiga cikinsu sai shayi da burodin jiya. To ga naɗin kirfar da kika tambaya, wato kwaɓin fulawa da ake naɗewa da bota da sukari da kirfa a ciki a gasa. Na zaɓi in rubuto miki ne saboda awo ba ya zama a kai idan a waya aka ji shi.

Irin wanda ake sayarwa a gidajen burodi da yis ake yin sa, sai kwaɓin ya tashi sau biyu, aikin awa biyu ne zuwa uku. Wannan da zan koya miki da bekin fauda ne, ba a jiran tashi. Daga ɗauko kwano zuwa saukewa minti arba'in ne, idan hannunki ya saba ma ba ya kaiwa. Ba zai yi laushin auduga irin na yis ba, kada ki sa rai da wannan. Cikinsa taushi, bakinsa ƙaras-ƙaras, kuma da zafinsa ake cin sa.

Mu fara da kirfar, don ita ce uwar tafiyar. Ɓawon itace ce, kuma iri biyu ke yawo a kasuwa. Akwai ta Siri Lanka, mai ɓawo siriri kamar takarda, an naɗe shi ninki-ninki, launinta bai yi duhu ba, kuma da yatsa ma kina iya marmashe ta. Akwai kuma wadda ake kawowa daga ƙasar Sin da Indonesiya da Biyetnam, mai kauri, ninki ɗaya, ja-ja, mai tauri kamar icce. Wannan ta biyun ita za ki fi samu wurin masu kayan ƙamshi a kasuwar Wuse, kamar yadda ita ce ta cika kasuwar Taminus a nan. Ta fi yaji a harshe, ƙamshinta kuma ba ya gudu a wuta, don haka ta dace da gashi. Sai dai tana ɗauke da wani sinadari da ake kira kumarin, wanda yawansa ke wahalar da hanta. Abin da ke cikin naɗi ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne, masu shan garinta cokali-cokali kullum da sunan magani su ne ya kamata su yi hattara.

Idan garin za ki saya, ki murza kaɗan a tafin hannu ki shinshina. In sai kin kai hanci kusa sosai kafin ki ji ƙamshi, ya kwana biyu, ki bar musu abinsu. Ni dai na fi son ki sayi itacen, ki farfasa shi a turmi tukuna kafin ki zuba a blanda don kada ya karya miki wuƙarta, sannan ki tankaɗe da rariya mai laushi. Duk ɓarɓashin da ya tsallake rariya zai riƙa yi wa yara gardi a haƙori. Ki ajiye garin a kwalba mai murfi, nesa da murhu. Bayan kamar wata shida ƙarfinsa yakan ragu.

Ga awon kwaɓi, da kofi mai cin mililita 250. Fulawa kofi 2, wato giram 250. Bekin fauda cokalin shayi 2 da rabi. Sukari babban cokali 2. Gishiri rabin cokalin shayi. Bota mai sanyi giram 50, kamar babban cokali 3 da rabi ke nan. Madara mai sanyi kashi biyu cikin uku na kofi, wajen mililita 160. Idan ta gari ce, ki dama babban cokali 3 a ruwan sanyi har ya kai wannan awon. Idan ta gwangwani ce, rabi madara rabi ruwa.

Abin da za ki sa a cikin naɗin kuwa, bota mai laushi babban cokali 3, sukari kashi ɗaya cikin uku na kofi, garin kirfa babban cokali 1. Idan kin samu jan sukari ya fi, don yana da damshi, yana manne wa kwaɓin, ba ya zubewa wurin yanka. Wannan awon zai ba ki guda 10.

Ki lura da yadda kike auna fulawa. Kada ki cusa kofin cikin buhu ki danno, domin ta haka kofi ɗaya sai ya ɗauki giram 150 ko fiye, kwaɓin ya bushe ki rasa dalili. Da cokali za ki riƙa zubawa har ya cika, ki share bakinsa da bayan wuƙa. Shi ma bekin fauda ki gwada shi idan gwangwanin ya daɗe a buɗe, musamman bayan damina: ki zuba rabin cokalin shayi a ruwan zafi, idan bai yi kumfa nan take ba ya mutu. Kuma bekin soda daban yake, kada a ba ki shi a madadinsa. Shi sai da abu mai tsami yake aiki. Idan kina da kindirmo, ki sa kashi uku cikin huɗu na kofi a madadin madara, ki rage bekin fauda zuwa cokalin shayi 2, ki ƙara bekin soda rubu'in cokalin shayi. Wannan ya fi na madara taushi ma. In kika wuce awon sodar, ɗanɗanon sabulu za ki ji.

Kafin ki taɓa fulawa ki kunna oben, digiri 200. Kwaɓin bekin fauda yana fara aiki ne tun daga lokacin da ruwa ya taɓa shi, saboda haka oben ce za ta jira shi, ba shi zai jira ta ba. Idan naki na gas ne marar lamba, ki barbaɗa 'yar fulawa a faranti ki sa a ciki. In ta yi launin zuma cikin kamar minti biyar zafin ya yi, in ta yi baƙi ki rage.

Ki tankaɗe fulawa da bekin fauda da gishiri tare, ki zuba sukari. Ki yayyanka botar ƙanana a ciki, ki riƙa murtsukewa da kan yatsu kina ɗagawa sama, har ta koma kamar garin rogo mai tsaki-tsaki. Da kan yatsu na ce, ban da tafin hannu, don tafi yana da ɗumi. Ana so gutsattsarin botar su shiga wuta ba su narke ba, a can ne ruwan da ke jikinsu zai zama tururi ya buɗa kwaɓin. Mu nan Jos sanyin safiya yana yi mana wannan aikin, amma ku a zafin Abuja, balle a watan Maris da Afrilu, sai kin ciro botar daga firji a daidai lokacin da za ki sa ta. Kuma ki nemi mai tauri ta gashi. Mai laushin nan ta shafa wa burodi ruwa ya yi mata yawa.

Sai ki yi rami a tsakiya ki zuba madarar, ki rage kamar cokali biyu a kofin. Ki juya da cokali mai yatsu har garin ya haɗe. Idan akwai busasshe a ƙasan kwano ki ƙarasa sauran madarar. Lokacin hunturu fulawa takan sha ruwa fiye da damina, shi ya sa ba a juye ta gaba ɗaya. Kwaɓin ya kasance mai laushi, yana ɗan kama yatsa.

A nan ne yawancin mata ke ɓata shi, don hannunsu ya saba da kwaɓin cincin da na burodi. Wannan ba a bugunsa, ba a kuma daɗe ana murza shi. Ki juye a kan katako mai ɗan barbaɗin fulawa, ki ninka ki danna sau takwas zuwa goma, ki tsaya. Ko bai yi sumul ba ki ƙyale shi. Fulawar alkama tana da danƙo wanda ke ƙaruwa da yawan murza. Burodi yana son wannan danƙon, shi kuwa wannan in ya same shi sai ya fito da tauri kamar roba. Idan kin ga kina murza shi da abin murji yana komowa baya, alama ce ya sha hannu, ki rufe shi da kwano minti biyar ya saki.

Ki murza shi ya yi kusurwa huɗu, tsawo santimita 30, faɗi 25, kaurin rabin santimita. In babu abin murji, kwalba mai tsabta ta isa. Ki shafa botar mai laushi ko'ina, amma ki bar faɗin yatsa ɗaya a gefe guda na tsawon ba ki shafa ba. Kada ki narkar da ita a wuta don sauri, narkakkiya tsiyayewa take yi ta kwashe sukarin zuwa gindin faranti ya ƙone a can. Ki gauraya sukari da kirfa a wani kofi tukuna, sannan ki barbaɗa, ki bi da tafin hannu ki ɗan danna. In kina so ki watsa yankakken dabino ko dakakkiyar soyayyiyar gyaɗa, kamar babban cokali 3. Idan kin sa dabino ki rage sukarin.

Ki naɗe daga ɗaya gefen kamar tabarma. Kada ya yi sako-sako, zai warware. Kada kuma ki matse shi tamau, tsakiyar za ta rasa wurin kumbura ta tunkuɗo sama kamar hula. Ki shafa ruwa a bakin da kika bari, ki tsunkule shi ya manne. Wurin yanka ki ajiye wuƙa ki ɗauko zaren ɗinki. Ki zura shi ta ƙarƙashin naɗin, ki gitta bakunan biyu a sama, ki ja. Wuƙa danne shi take yi ya baje. Kowane yanki kaurin yatsu biyu, wajen santimita 3.

Ki shafa wa faranti bota, ki jera su suna kusan taɓa juna, don in sun kumbura su jingina da juna gefensu ya yi laushi. Ki sa a tsakiyar oben minti 18 zuwa 22, kada ki buɗe kafin minti 15. Na tsakiyar faranti shi za ki duba, don shi ke nuna a ƙarshe: ki ɗan buɗa ninkinsa da bakin wuƙa, in ba ki ga ɗanyen kwaɓi ba ki sauke. Bayan minti biyar ki ciccire su, don sukarin da ya zuba in ya huce yakan kama faranti kamar alewa. Abin zubawa a kai ba dole ba ne. In ana so, zuma kaɗan ta wadatar, ko sukarin gari rabin kofi a dama da madara babban cokali ɗaya.

Ranar da babu wuta ko gas ɗin oben ya ƙare, tukunya za ta yi. Ki samu mai kauri da murfi mai kamawa, ki zuba yashi mai tsabta ko gishiri kaurin yatsu biyu, ki ɗora duwatsu uku ko ƙarfen ɗora tukunya a kai, ki rufe ta yi zafi minti goma. Sai ki ɗora farantin a kan duwatsun, kada ya taɓa yashin, ki rufe, wuta matsakaiciya, minti 25 zuwa 30. Samansa ba zai yi ja sosai ba tunda zafin daga ƙasa yake zuwa. Idan a kan gawayi kike, ki ɗora garwashi kaɗan a kan murfin a minti goma na ƙarshe.

Abin da zai sa ki iya yin sa ranar aiki shi ne shirin dare. Ki haɗa fulawa da sauran busassun kayan, ki murtsuke botar a ciki, ki rufe ki sa a firji. Sukari da kirfa kuwa ki haɗa na sati guda a kwalba. Da asuba bayan sallah sai kunna oben, zuba madara, murji da naɗi, yana gasuwa kina yi wa yara wanka. Abin da ban so ki yi shi ne ki zuba madarar tun dare ki bar kwaɓin ya kwana a waje. Ƙarfin bekin faudar zai ragu, sukarin ya tsatso ruwa, da safe ki tarar da shi ya yi lagab. In har firizarki na riƙe ƙanƙara, kina iya yankawa ki daskarar da su, ki gasa kai tsaye ba tare da sun saki ba, ki ƙara minti biyar.

Idan kuma kin makara ƙwarai, burodin jiyan ma yana da rana. Ki yanke bakinsa, ki murza kowane yanki da kwalba ya yi fale-fale, ki shafa bota, ki barbaɗa haɗin kirfa, ki naɗe. Ki kaɗa ƙwai ɗaya da madara babban cokali 3, ki tsoma ki cire nan da nan, ki soya a kasko da 'yar bota a wuta kaɗan, bakin naɗin a ƙasa da farko don ya like. Minti goma an gama.

Naɗin kirfar da ya rage kada ki sa shi a firji, sanyi yana saurin busar da kayan fulawa. Ki rufe a roba, washegari ki yayyafa masa ruwa kaɗan ki ɗumama a kasko da murfi. Kada ya wuce kwana biyu. Kuma tunda akwai sukari a ciki, ki rage na shayin yaran, ki haɗa musu da dafaffen ƙwai don ya riƙe su har tashi daga makaranta.

Ki fara gwadawa ranar Asabar da ba ki da gaggawa. In ya fito da tauri ko bai tashi ba, ki kira ni ki faɗa mini yadda kwaɓin yake a hannu kafin ki murza shi, daga nan zan gane inda aka kuskure. Zan ba mai zuwa Abuja itacen kirfa da dankali ya kawo miki. Babanki yana gaishe ku. Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan yaran. Allah Ya yi muku albarka.

Wassalam,
Mamanki.