Ƙawalli, na samo kashi na biyu

Assalamu alaikum ƙawalli,

Nasan kina fushi dani, wata biyar kenan ban amsa miki saƙo yadda ya kamata ba, wanda kika turo da muryarki ma sai shekaranjiya na iya saurara. Ya Alƙahira, ya karatu, ya sanyin da kike ta mita akai? Wai har yanzu da man gyaɗa da yaji kike cin ful ɗin nasu? Allah ya shirye ki.

Kin tuna littafin da kika bar min a ledar atamfa ranar da muka raka ki filin jirgi, Beautiful Creatures na Kami Garcia da Margaret Stohl? To na samo kashi na biyu, Beautiful Darkness, wanda ya fito a 2010. Yaya ne ya taho min dashi daga Abuja, na hannu ne, bangon har ya lanƙwashe, wata ta ja layi da jan biro a wurare da yawa. Kwana uku na cinye shi, daren ƙarshe an ɗauke wuta da fitilar waya na ƙarasa cikin gidan sauro, Umma tana ta ƙwala min kira wai zan kashe idona.

Garin dai yana nan yadda kika barshi, Gatlin ɗin nan na South Carolina, kowa ya san abin da aka dafa a gidan kowa, matan garin gulma kamar layin su Gwaggo. Da jana'izar Macon, kawun Lena budurwar Ethan, aka buɗe, ana ruwa. Kinsan ke da ni mun san abin da Ethan bai sani ba, cewa shi ne ya mutu a daren da Lena ta cika 16, ta ɗauko littafin tsafin nan ta dawo dashi, aka karɓi ran kawunta a madadi. To wannan sirrin shi ke cin ta. Sai ta fara janye jiki, ya zo wajenta ta kau da kai, ƙarshe ta ɗare bayan mashin ɗin wani John Breed ita da Ridley mai alawar tsinke suka shige hanyoyin ƙarƙashin ƙasa.

Da farko haushinta naji sosai, nace wannan wace irin yarinya ce, mutum yana binki da zuciya ɗaya kina wulaƙanta shi. Ina tsakiyar littafin sai na ajiye shi na kasa ci gaba, don wallahi abin da nayi miki kenan tun rasuwar Baba. Ranar da jikinsa ya tashi ni ce nace a bari sai da safe a kaishi asibiti tunda ya samu barci. Likita yace ko an kawo shi da daren babu abin da zai canja, Umma ta faɗa min kwana ne ya ƙare, nasan haka ne, na yarda da ƙaddara, amma duk sanda naga sunanki a waya sai inji idan na ɗauka zaki tambaye ni yadda akayi, ni kuma bakina ba zai iya ba. Har yau rediyonsa yana kan taga inda ya barshi, ni nake goge masa ƙura. Ki yafe min dan Allah, ba ke na guda ba.

Af, kinji an sa ranar Auta? Bayan babbar sallah, kuma da wannan mai shagon wayar da kika ce kansa kamar tulu. Ki shirya kuɗin anko, ba ruwan kowa da kina ƙasar waje.

Na dawo kan littafi. Akwai sabuwa, Liv, 'yar Ingila da tazo koyon aiki wajen Marian a laburare, tana ɗaure da wani abu kamar agogo mai auna wata, ke da kike son masu ƙwaƙwalwa zaki so ta, ni dai duk sanda ta matso kusa da Ethan sai inji gabana ya faɗi. Sai dai har yanzu Amma, tsohuwar da ta raini Ethan, ita ce tawa, da layunta da gishirin da take zubawa a bakin taga. Ashe mutanenta, Gullah, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne aka sa su noman shinkafa a gaɓar tekun can, shi yasa in tana faɗa nake jin kamar Kaka ce ta tsare mu a zaure. A fim ɗin 2013 sun haɗe ta da Marian suka ba Viola Davis, ni abin bai min ba sam. Tafiyar ƙarƙashin ƙasan tayi tsawo, wani wajen har na gaji, amma abin da ya samu Link abokin Ethan da maganar mahaifiyar Ethan da Macon, ke dai bari, ba zan ɓata miki ba.

Saura biyu, Beautiful Chaos da Beautiful Redemption. Dan Allah ki leƙa min kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya ko za'a dace, ni kuma zan ba duk mai tahowa wannan ya kawo miki tare da kilishi da kuka. Ran Juma'a bayan isha'i ina gida, ki kira, zan ɗauka insha Allah.

Taki har kullum.